Darasi na Tara: Shirya Tafiya Zuwa Yankin Gonakin Inabi na Afirka ta Kudu

MANUFOFIN DARASI

Idan aka kammala wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin dalilin tafiyarsa a jimla ɗaya kafin ya sayi tikiti;
2. zaɓar watan da ya dace da wannan dalili;
3. raba yini ɗaya tsakanin gonaki, hanya, abinci da salla;
4. tambayar abin da ke cikin kofi da faranti kafin ya kai baki;
5. lissafa kuɗin tafiyar ƙungiya.

ME YA KAWO WANNAN DARASI?

A kudu maso yammacin Afirka ta Kudu, bayan birnin Cape Town, akwai kwaruruka tsakanin manyan duwatsu, an shuke su da inabi layi-layi iya ganin ido. Mafi yawan wannan inabi matse shi ake yi a yi giya. Gara a faɗi haka tun daga farko, domin galibin masu karanta wannan littafi Musulmi ne, giya kuwa haramun ce a Musulunci, kamar yadda aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta bayyana. Darasin nan ba ya kiran kowa ga sha.

Amma akwai masu buƙatarsa. Akwai manomi, irin na ƙaramar hukumar Kudan a Jihar Kaduna inda ake noman inabi, wanda ke son ganin yadda waɗanda suka fi shekara 300 suna wannan sana'a ke yin ta. Akwai ma'aikacin kamfanin tafiye-tafiye ko na otal, wanda abokan cinikinsa kowane iri ne, kuma za su tambaye shi. Akwai kuma ɗalibi ko ɗan kasuwa da taro ya kai shi Cape Town, ranar ƙarshe aka ce kowa ya shiga mota za a je gonakin inabi, shi kuwa bai san abin da zai tarar ba. Dabarun da za mu koya a nan suna aiki a yankunan inabi na Faransa da Italiya da Sifen ma, sai dai a can watannin sun juya.

AKWATIN KALMOMI (1)
Kuranga: itacen inabi mai yaɗo, wanda ake ɗaure shi a jikin waya ko sanda.
Inabin ci: mai manyan 'ya'ya da siririn bawo, wanda ake kai wa kasuwa a kwali.
Inabin matsa: mai ƙananan 'ya'ya da kaurin bawo da yawan sukari, wanda ake yin giya da shi.
Zabibi: busasshen inabi.
Hanyar gonaki: ƙungiyar gonakin yanki ɗaya da suka amince su karɓi baƙi, suna da taswira da alamomi a bakin titi.

1. WURIN DA WAƊANDA SUKA NOMA SHI

Turawan Holan ne suka kawo kuranga wannan gaɓa. Jan van Riebeeck ya sauka a 1652 ya kafa zangon da jiragen ruwan Holan masu zuwa gabas za su riƙa ɗibar ruwa da abinci. Ranar 2 ga Fabrairu, 1659 aka fara matse inabi a wurin. Simon van der Stel, wanda ya riƙe mulkin wurin daga baya, ya kafa garin Stellenbosch a 1679, ya kuma mallaki gonar Constantia a 1685. A 1688 wasu Faransawa da suka gudo wa ƙuntatawar addini a ƙasarsu suka iso, aka ba su filaye a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek.

Masu ja-gora da yawa a nan suke tsayawa, alhali da saura. Hannun da ya yi noman na bayi ne, waɗanda aka kwaso daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indunusiya. A tsofaffin gonaki za ka ga gidan mai gona fari fat da rufin ciyawa, a gefensa kuma ga ƙararrawa rataye tsakanin ginshiƙai biyu. Baƙi sukan tsaya su ɗauki hoto a gindinta don ta yi musu kyau. A da, da ita ake kiran bayi aiki da asuba. An soke bauta a 1834, amma aka ci gaba da biyan lebura wani ɓangare na ladansa da giya. Doka ta hana wannan a farkon shekarun 1960, sai dai a wasu gonaki bai mutu ba sai cikin shekarun 1990, bayan ya lalata gidaje da dama. A 2012 ma'aikatan gona suka shiga yajin aiki da ya faro daga garin De Doorns, a 2013 kuma gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin lada daga rand 69 zuwa rand 105 a yini. Wanda ya san wannan zai gaida mai tsinkar inabi kamar yadda ya gaida manaja.

Cikin waɗanda aka kawo akwai Musulmi, har da malamai. Shehu Yusuf na Makassar, wanda ya yaƙi Holan a tsibirin Java, an kore shi zuwa gonar Zandvliet a 1694, a can ya rasu a 1699. Hubbarensa na unguwar Macassar, ba nisa da Stellenbosch. Masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap a Cape Town an kafa shi a 1794. Amfanin wannan tarihi ga mai shirya tafiya shi ne, masallaci da abincin halal ba su da wuyar samu a Cape Town, akwai kuma masallatai a Stellenbosch da Paarl.

2. DALILI KAFIN KOMAI

Kafin a buɗe taswira, a rubuta jimla ɗaya: "Za mu je ne domin kaza." Wannan jimla ita za ta zaɓi wata, ta zaɓi gari, ta zaɓi gona. Wanda ya ce "za mu je mu ga komai" zai yini a mota.

Mai son tarihi da tsofaffin gine-gine, Constantia da Stellenbosch sun ishe shi. A Groot Constantia an mayar da tsohon gidan gonar gidan tarihi. Mai son lambu da 'ya'yan itace ya nufi Babylonstoren, tsakanin Paarl da Franschhoek, inda ake zagaya babban lambun kayan marmari da ganyaye. Manomin inabin ci kuwa, waɗannan sanannun wurare ba su ne makarantarsa ba. Tasa tana kwarin Hex, kewayen De Doorns, inda ake noman inabin da ake fitarwa ƙasashen waje a kwali. Mai son zabibi kuma sai ya yi arewa, bakin kogin Orange wajen Upington, wannan tafiya ce dabam.

3. ZAƁEN WATA

A nan ne mafi yawan mutane ke tuntuɓe. Afirka ta Kudu tana kudu da tsakiyar duniya, saboda haka lokutanta sun saɓa da na Turai da namu. Lokacin da hunturu ke kaɗawa a Kano, Disamba zuwa Fabrairu, su suna tsakiyar zafi. Yankin Cape kuma yana da wani hali nasa: ruwan samansa a lokacin sanyi yake zuba, Yuni zuwa Agusta, lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe take.

Ga yadda shekarar kuranga ke tafiya. A Yuni da Yuli ta zubar da ganye, ta zama kamar busasshen ice. A Yuli da Agusta ake yi mata aski, wato a datse rassan bara a bar idanu kaɗan. A Satumba ta tsiro, a Oktoba da Nuwamba ta yi fure. Wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu 'ya'ya su fara nuna. Kaka tana kamawa daga ƙarshen Janairu, ta yi ƙarfi a Fabrairu da Maris, wasu gonaki su kai Afrilu.

Kowane lokaci da ribarsa da wahalarsa. Da kaka za ka ga aiki da idonka: masu tsinka da almakashi tun kafin rana ta fito, tarakta na jan akwatuna zuwa wurin matsa. Amma zafi a Paarl kan wuce digiri 35, kuma mai gona ba shi da lokacin zama da kai. Duk wanda ya taɓa zuwa wurin manomin shinkafa ranar da ake masa yanka ya san irin amsar da ake samu. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu hutun makarantu ne da na Kirsimeti, masauki ya cika, farashi ya hau. In ba dole ba a kauce masa. Lokacin sanyi kuwa masauki ya fi sauƙi, ma'aikata suna da sararin amsa tambaya, sai dai a shirya wa ruwa da laka, rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:00. A ganina, wanda ya zo koyo ya zo da sanyi, wanda ya zo kallo ya zo a Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ya fara sauka ganye kuma bai zube ba.

Misali na 1
Wata ƙungiyar manoman inabi su shida suna son koyon abu biyu: yadda ake aski, da yadda ake shirya inabi a kwali. Shugabansu ya ce a tafi a Fabrairu a yi duka biyun.
Aski a Yuli da Agusta ake yi. Shirya kwali kuwa da kaka ne. Tafiya ɗaya ba za ta haɗa su ba. Sai ƙungiya ta tambayi kanta wanne ya fi ci mata tuwo a ƙwarya. In matsalarsu inabi ne ke lalacewa kafin ya kai kasuwa, Fabrairu ce watansu, kuma De Doorns ne garinsu. In matsalarsu kuranga ce ba ta 'ya'ya sosai, su jira Agusta. Su kuma tuna cewa a ƙasa mai zafi kuranga ba ta samun sanyin da zai sa ta barci, don haka abin da suka gani a can sai sun auna shi da yanayin gida kafin su ɗauka.

4. TAKARDU

Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Afirka ta Kudu. A nema da wuri, kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Fasfo ya kasance yana da sauran kwana 30 aƙalla bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga musu hatimi ba. Ana kuma neman katin rigakafin cutar shawara, allurar kuwa sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki. Dokokin biza suna canjawa, saboda haka a tambayi ofishin jakadanci, ba maƙwabci da ya je bara ba.

Daga Legas zuwa Johannesburg tafiyar kimanin awa shida ce a jirgi, daga can zuwa Cape Town kimanin awa biyu. Wasu sukan bi ta Addis Ababa. Agogon Afirka ta Kudu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Kuɗinsu rand ne.

5. TASWIRA DA RABON YINI

Daga tsakiyar Cape Town, Constantia ba ta kai kilomita 20 ba. Stellenbosch kimanin 50, Paarl kimanin 60, Franschhoek kimanin 75. De Doorns tana wajen kilomita 140 a kan babbar hanyar N1, ana ratsa ramin Huguenot da aka huda cikin dutse, mai tsawon kusan kilomita 4, kuma ana biyan kuɗin hanya. Stellenbosch ce ta fi dacewa da zama sansani, domin tana tsakiya. Ita ce ta fara buɗe hanyar gonaki a ƙasar, a 1971.

A taswira gonakin suna manne da juna, har mutum ya ga kamar zai zagaya takwas kafin la'asar. Ba haka ba ne. Daga bakin titi zuwa gidan gona akwai tafiya, a ajiye mota, a jira mai ja-gora, wani ya nemi bayi, wani ya tsaya hoto. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce: yanki ɗaya a yini, gona uku in an yi yawa.

AKWATIN KALMOMI (2)
Jadawalin tafiya: takardar da ta nuna inda za a kasance a kowace awa.
Sansani: garin da za a riƙa kwana ana fita daga cikinsa.
Kama gurbi: sanar da gona ko otal ranar zuwa da yawan mutane, su kuma su amsa a rubuce.
Rarar lokaci: mintunan da aka bari babu komai a cikinsu saboda jinkiri.

Misali na 2
Za a fita ƙarfe 9:00 na safe a dawo ƙarfe 5:00 na yamma. Awa 8 ke nan.
Tuƙi gaba ɗaya: awa ɗaya da rabi.
Abincin rana da sallar azahar: awa ɗaya da rabi.
Abin da ya rage: 8 − 3 = awa 5.
Kowace gona tana cin awa ɗaya da rabi. Gona uku: awa huɗu da rabi.
Rarar lokaci: rabin awa.
Da an saka ta huɗu, da an wuce lokaci da awa guda, gonaki da yawa kuma suna rufe ƙofa wajen ƙarfe 5:00. In yinin ya faɗo Juma'a, a rage gona ɗaya a saka masallaci a jadawalin, a kuma tambayi lokacin huɗuba tun ranar Alhamis.

Ƙungiyar da ta kai mutum shida kada ta dira gona babu sanarwa. Gonakin inabin ci ma ba wuraren yawon buɗe ido ba ne. Sai an rubuta musu makonni kafin tafiya, an faɗi su wane ne ke zuwa da abin da suke son gani. Wasu gonaki ba sa buɗewa ranar Lahadi.

6. WA ZAI TUƘA?

A Afirka ta Kudu a hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Najeriya kafin 1972. Dattawan ajin nan za su tuna. Wanda bai saba ba, shataletale ne ke ruɗa shi, hanyoyin kuma suna hawa duwatsu da lanƙwasa. Ga baƙon farko, hayar mota da direbanta ta fi kwanciyar hankali. A Franschhoek akwai ɗan jirgin ƙasa da motocin safa da ke zagaya gonaki tun 2012, ana sauka ana hawa da tikiti ɗaya. Sai dai an yi shi ne domin masu ɗanɗana giya, wanda ba ya son irin wannan taro ya sani.

Ma'aikacin kamfanin tafiye-tafiye ya riƙe wannan da kyau: in a cikin baƙinsa akwai masu sha, kada ya bar musu tuƙi. Dokar ƙasar ba ta yarda barasa ta kai giram 0.05 a cikin mililita 100 na jinin direba ba, na direban haya kuma 0.02. Ɗanɗane kaɗan-kaɗan a gona uku yana iya wuce haka. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kada a bar jaka ko waya a kan kujerar mota a fita, kuma a guji tuƙin dare a hanyar da ba a sani ba.

7. ABIN DA KE CIKIN KOFI DA FARANTI

Sai an san yadda ake yin abu ake sanin yadda za a kauce masa. Idan aka matse inabi, ruwan da ya fito zaƙi ne kawai. Idan yis ya shiga, sai ya cinye sukarin ya mayar da shi barasa da iska. Wannan shi ne tsimuwa, kuma ita ce iyaka tsakanin ruwan inabi da giya. Daga nan a zuba a manyan tankunan ƙarfe ko gangunan katako masu cin lita 225, a jere su a ɗaki mai sanyi su yi watanni.

AKWATIN KALMOMI (3)
Tsimuwa: juyewar sukari zuwa barasa ta hanyar yis.
Ruwan inabi zalla: wanda aka matse, bai tsimu ba, babu barasa.
Giyar inabi: wanda ya tsimu.
Giyar da aka cire wa barasa: wadda ta tsimu sannan aka zare barasar, tana iya rage kaɗan, har kusan kashi 0.5 cikin ɗari.
Ɗakin ɗanɗano: inda ake zuba wa baƙi giya kaɗan-kaɗan su gwada.

A lura da kalma ta huɗu. Kwalbarta da ta ruwan inabi zalla sukan yi kama, wasu ma duka suna da kumfa. A karanta takardar jikin kwalba, in ba a gane ba a tambaya: "Wannan ya taɓa tsimuwa?"

Yawancin gonakin da ke karɓar baƙi suna da sassa uku: gonar kanta da lambu, wurin matsa da ajiya, da ɗakin ɗanɗano, sau da yawa da gidan abinci a gefensa. Baƙo na iya zagaya na farko ya bar sauran. Malamai da yawa suna hana Musulmi zama a teburin da ake shan giya ko da shi ba ya sha. Wannan littafi ba na fatawa ba ne. Kowa ya tambayi malaminsa tun yana gida, ya yanke wa kansa iyakar da zai tsaya, domin a bakin ƙofar ɗakin ɗanɗano, ga abokan tafiya sun shige, ba wurin fara tunani ba ne. Wanda ya tsaya a waje ba a ganin baikensa. Mutanen Cape sun saba da Musulmi.

Abinci ma yana buƙatar tambaya. A gidajen abincin gonaki akan dafa nama da giya, akan zuba ta a miya ko a kayan zaƙi, akwai kuma naman alade a farantin yankakken nama da cuku. A cikin gari a nemi shagon da ke da takardar shaidar halal a bango, irin ta MJC ko SANHA. Dabara mafi sauƙi ita ce a sayi guzuri a irin wannan shago da safe, amma a tambayi gona ko ta yarda a shigo da abinci, domin da yawa ba sa yarda.

Misali na 3
Wani Alhaji ya zo ofishin tafiye-tafiye, za shi taro Cape Town da uwargidansa, an saka ziyarar gona a shirin ranar ƙarshe.
"'Yata, wannan wurin ai na mashaya ne. A cire ni."
"Ranka ya daɗe, ana iya cirewa. Amma bari in tambaye su abu uku tukuna: ko akwai zagayen lambu da gidan tarihi ba tare da ɗanɗano ba, ko akwai inda kai da Hajiya za ku ci abinci ba a teburin masu sha ba, da kuma inda za ku yi salla."
"In suka ce babu fa?"
"Sai in sama muku mota ta kai ku Bo-Kaap da hubbaren Shehu Yusuf, ku haɗu da sauran a otal da yamma."
Ku lura, ma'aikaciyar ofishin ba ta matsa masa ba, ba ta kuma ɓoye masa komai ba. Ta shirya hanya biyu ta bar masa zaɓi.

8. KASAFI

A lissafa da rand tukuna, a juya zuwa naira ko sefa a ƙarshe da farashin canji na ranar. Alƙaluman da ke ƙasa na gwajin lissafi ne kawai, ba farashin kasuwa ba.

Misali na 4
Mutum 6, kwana 4, fita yini 3, gona 7.
Ɗaki 3 × rand 1,500 × kwana 4 = 18,000
Mota da direba: rand 3,000 × yini 3 = 9,000
Abinci: rand 400 × mutum 6 × kwana 4 = 9,600
Kuɗin shiga da ja-gora: rand 150 × mutum 6 × gona 7 = 6,300
Jimla = 42,900
Kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana = 4,290
Jimla duka = 47,190
Rabon kowa: 47,190 ÷ 6 = rand 7,865

Tikitin jirgi da biza da allura ba sa ciki. A gidajen abinci al'ada ce a ƙara wa mai hidima kimanin kashi 10 cikin ɗari na kuɗin abinci, a saka wannan a lissafi. A naɗa ma'aji ɗaya mai riƙe rasit, domin kuɗin ƙungiya da ba a rubuta ba shi ke raba abokai a filin jirgi.

9. A CIKIN GONA

A sa rufaffen takalmi da hula, a riƙe ruwa. Ko da zafi a ɗauki rigar sanyi mara nauyi, saboda iskar kudu maso gabas da ke kaɗawa da ƙarfi a wannan lokaci. Kada a tsinki inabi sai an ba da izini, kada a ɗauki hoton ma'aikaci sai an tambaye shi.

Manomi ya zo da littafi da tambayoyinsa a rubuce. Ya duba siririn tiyon da ke bin gindin kowane layi yana ɗiga ruwa. Yankin ya sha fari mai tsanani a 2017 da 2018, har Cape Town ta kusa rufe famfuna, don haka ba sa wasa da ruwa. Ya tambayi tazarar da ke tsakanin kuranga da kuranga, da tsawon waya daga ƙasa. Ya durƙusa ya duba gindin: zai ga wani ƙulli kaɗan sama da ƙasa. Wurin aure ne, inda aka haɗa reshen inabin Turai da saiwar inabin Amurka. Dalili kuwa wani ɗan ƙwaro ne mai cin saiwa, filoksera, wanda ya shigo Cape a 1886 ya hallaka gonaki, saiwar Amurka ce kawai ke jure masa.

Wannan ƙulli shi ne amsar wanda zuciyarsa ta raya masa ya yanki reshe biyu ya cusa a jaka. Ƙwari da cututtukan tsiro a jikin reshe da ƙasar da ke manne da saiwa suke ƙetare iyaka. Mai son iri ya saya daga gidan renon tsiro mai rajista, da takardar shaidar lafiyar tsiro daga can, da izinin shigowa daga hukumar killace kayan gona ta ƙasarsa, wadda a Najeriya ake kira NAQS. Izinin kuwa tun kafin tafiya ake nemansa.

TAMBAYOYIN BITA

1. Rubuta dalilin tafiya a jimla ɗaya, sannan ka faɗi garin da watan da suka dace da shi.
2. A wane lokaci ake ruwan sama a yankin Cape? A waɗanne watanni kaka ke yin ƙarfi?
3. Me ya sa manomin inabin ci zai fi amfana da De Doorns a kan Franschhoek?
4. Bayyana bambanci tsakanin ruwan inabi zalla da giyar da aka cire wa barasa.
5. Wace takardar lafiya ake nema, kuma kwana nawa kafin tafiya ya kamata a yi allurar?
6. Za a fita ƙarfe 10:00 a dawo ƙarfe 4:00. Tuƙi awa ɗaya ne, abinci da salla awa ɗaya da rabi. Gona nawa za a iya ziyarta, kuma minti nawa za su rage?
7. Sake lissafin Misali na 4 idan mutum 8 ne, ɗaki 4, sauran farashi bai canja ba. Nawa ne rabon kowa?
8. Me ƙararrawar da ke tsofaffin gonaki take tunatarwa? Me ya faru da ladan ma'aikatan gona a 2013?
9. Me ya sa ake aurar da kuranga, kuma me ya sa ba a ɗauko reshe a jaka?
10. Aikin rukuni: ku kasu uku-uku. Ɗaya ya zama ma'aikacin ofishin tafiye-tafiye, ɗaya baƙo mai sha, ɗaya baƙo da ba ya sha, su biyun kuma mota ɗaya za su shiga. Ku rubuta musu jadawalin yini ɗaya a Stellenbosch, ku karanta wa aji.